Wata shida a kan kuɗin da babu

Ranar da aka yanke wa Auta hukunci, a watan Maris na 2012, ina zaune a benci na biyu, daidai bayan lauyansa. Alƙalin kanar ne, dattijo mai furfura. Ya karanto hukuncin a jere: a sauke shi daga saje zuwa farabiti, a ɗaure shi wata 10, a kore shi daga soja da takardar rashin ɗa'a, ya biya tarar dala 15,000, in kuma bai biya ba a ƙara masa ɗaurin wata 6. Ni hankalina a kan wata goman nan ya tsaya, ina ta lissafi da yatsu ko zai fito kafin shekara ta ƙare. Maganar ƙarshen nan ko a jikina ban ji ta ba, alhali ita ce za ta ci mana shekara biyu.

Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne na bakwai a ɗakinmu. Na riga shi zuwa Amurka, ina tuƙa tasi a Niyok. Shi kuma cacar biza ce ta faɗo kansa, lokacin ba a cire Najeriya daga tsarin ba. Ya zo a 2005, bai cika shekara ba ya shiga soja, tunda mai katin zama na dindindin yana da damar shiga. Ya je Iraƙi ya dawo lafiya. Abin da ya kai shi kotu a kan takarda ya faru. An tura shi Koriya ta Kudu ba tare da iyali ba, kuma sojan da aka yi wa irin wannan turi ana biyansa kuɗin haya ne gwargwadon tsadar garin da iyalinsa suke zaune. Matarsa da yaransu biyu sun koma Funtuwa wajen Inna, shi kuwa ya bar adireshin gidana na Bronx a takarda, domin hayar Niyok tana cikin mafi tsada a ƙasar. Wata 14 yana karɓa. Da aka haɗa lissafi ya kama dala 24,000 da 'yan kai. Na san da maganar tun farko, na ja bakina na yi shiru, kuma wannan shirun har yau yana ci min rai. Shi ya sa duk abin da ya biyo baya na ɗauke shi a kaina.

Bai yi gardama ba. Ya amsa laifin sata a ƙarƙashin sashe na 121 na kundin dokar sojan Amurka, da laifin rubuta ƙarya a takardar hukuma a ƙarƙashin sashe na 107. Sun ƙulla yarjejeniya da janar ɗin da ya kafa kotun cewa ɗauri ba zai wuce wata 18 ba. A tsarin wancan lokaci alƙali ba ya buɗe shafin da aka rubuta wannan iyaka sai ya gama yanke nasa hukuncin, daga nan a bi wanda ya fi sauƙi. Goma da shida sha shida ne, bai kai sha takwas ba, don haka yarjejeniyar ba ta tsare mana komai ba. Wata goman ya ci su, ban taɓa cewa an zalunce shi a kansu ba. Shidan da aka ƙara su ne labarina.

Abin da ban fahimta ba a ranar shi ne, hukuncin da ya ce ya biya shi ne kuma ya toshe duk ƙofar da kuɗi za su shigo. Kwana 14 da yanke hukunci albashi ya tsaya cak. Haka doka ta tanada a sashe na 58b: sojan da babbar kotun soja ta ɗaure fiye da wata shida, albashinsa da alawus ɗinsa duka sun tafi muddin yana tsare. Akwai damar a roƙi janar ya bar wa iyali kuɗin har na wata shida. Mun roƙa, ba a ba mu ba. Ofishin biyan albashi kuma ya buɗe masa fayil na bashin dala 24,000 ɗin nan, domin tara daban, mayar da kuɗin gwamnati daban. Mutum yana cikin kurkuku, ba albashi, ba aiki, bashi biyu a wuyansa.

A watan Yuli janar ya sa hannu a kan hukuncin, aka kawo wa Auta wasiƙa cewa yana da kwana 30 ya biya tarar. Azumi ya kama a cikin kwanakin nan. Na sayar da motarsa, bayan an cire sauran bashin da ke kanta aka ba ni dala 2,600. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a ba tare da ya ambaci suna ba, aka zagaya da kwali, aka samu 1,400. Muna da adashi mu direbobi goma sha biyu, kwasata sai Disamba, na roƙi wani bawan Allah ɗan Maraɗi muka yi musaya, na karɓi 2,000. Dubu shida ke nan cif. Na aika su kwana uku kafin wa'adi ya cika. Saura dubu tara.

Na shiga banki uku neman rance. Na san hukuncin riba, na cike takardun da hannuna ina istigfari, duk ukun suka ƙi. Shi fursuna ne marar albashi, ni kuma motar da nake tuƙawa ta haya ce. Sai lauyansa ya rubuta wa janar cewa a bari mu riƙa biyan dala 250 duk wata, cikin wata 36 a gama. Amsar da muka samu ita ce sanarwar ranar zaman sauraro.

Lauyan nan, wani kyaftin ne yaro, ya karanta min ƙa'idar ta waya, ya maimaita sau biyu. Ƙa'ida ta 1003 ce ta ba kotun soja ikon liƙa wa tara ɗauri idan ba a biya ba. Ta 1113 ta wancan lokaci kuma ta ce ba za a zartar da wannan ɗauri ba idan wanda aka yanke wa hukunci ya nuna ya yi iya ƙoƙarinsa tsakani da Allah amma talauci ya hana shi, sai fa in an ba shi dama ya yi bayani, aka kuma tabbatar babu wani horo da zai wadatar in ba ɗaurin ba. Da na ji haka na ce alhamdulillahi, ai mu ne wannan. Ya ce in lura da kalmar «ya nuna». Nauyin hujja a kanmu yake. Wanda kuma aka ga yana da hali ya ƙi biya, wannan rangwame bai shafe shi ba ko kaɗan.

Na yi awa 19 a hanya zuwa gidan yarin sojan da yake, a tsakiyar ƙasar. Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, tuta a kusurwa, ga na'urar ɗaukar magana. Aka shigo da Auta, an aske masa kai ƙwal, wuyansa ya yi tsawo saboda rama. Ya ce, «Yaya, ka sha hanya.» Iyakar abin da muka samu faɗa wa juna ke nan. Jami'in da ke sauraron manjo ne, mutum mai natsuwa, bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. A gabansa akwai takardun bankin Auta na shekara guda, ya bi wasu layuka da alƙalami ruwan ɗorawa.

Ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Kwana 11 kafin shari'a an cire dala 4,000 kuɗi hannu. Ina suka tafi?

Ni na amsa, domin ta hannuna suka bi. Inna ta zame a bayan gida ta karye a ƙugu, aka kai ta asibiti a Zariya, likita ya ce sai aiki. Na kai kuɗin shagon wani ɗan kasuwa da muke hulɗa da shi shekara da shekaru, ya buga waya, washegari ƙaninsa ya ƙirga wa yayarmu naira a Kano. Haka muke aikawa kullum, ya fi sauri, canjin ma ya fi kyau.

Manjo ya ce, ina rasidi? Na ce babu. Ya ce, wane ne ɗan kasuwar? Nan na yi shiru. Aika kuɗi ba lasisi laifi ne a Amurka, mutumin nan kuma yana da iyali, ya taimake mu a ranar da muke kuka. Na ce ba zan iya faɗin sunansa ba. Na ga manjo ya rubuta wani abu, na kuma san abin da ya rubuta. In ka tsaya a inda yake zaune, me ka gani? Mutum ya kwashe kuɗi ana dab da shari'arsa, ya tura ƙasar waje ta hannun wanda ba shi da suna.

Sai maganar gona. Auta ne da kansa ya rubuta ta a jerin abin da ya mallaka, don kada a ce ya ɓoye. Gonar mahaifinmu ce, tun rasuwarsa ba a raba ba. Mu bakwai ne, maza huɗu mata uku, ga tumunin Inna. Babu takardar mallaka, iyakarta itatuwan da kowa a unguwar ya sani. Na yi ta ƙoƙarin bayyana cewa Auta ba shi da wani yanki da zai nuna ya ce nawa ne, sai an tara magada, an kira malamai ko an je gaban alƙali, an auna, an raba, kafin a yi zancen mai saye. Cikin damina kuma, shuka tana tsaye. Manjo ya saurara har na gama, sannan ya tambayi Auta nawa gonar za ta yi in an sayar. Auta ya yi shiru, ya faɗi wani adadi da ka. Adadin gonar gaba ɗaya ya faɗa, ba rabonsa ba, kuma shi aka rubuta.

Bayan mako biyu rahoto ya fito, shafi huɗu. Ya ce Auta ba matalauci ba ne, yana da kadara a waje, ya kuma kawar da kuɗi da gangan. Tayinmu na biyan 250 duk wata ko a layi ɗaya ba a ambace shi ba. Janar ya sa hannu. Wata shida za su fara ranar da goman suka ƙare.

Ni na gaya wa Inna. Ta daɗe ba ta ce komai ba, ina jin kukan kaji ta cikin wayar, sannan ta ce, «Ashe ƙafata ce ta ɗaure min yaro.» Na ce Inna ki daina faɗin haka. Ta ce a sayar da gonar. Maganar ta raba kan gidanmu wata da watanni, wasu sun yarda wasu sun ƙi, har wa'adin da za ta yi amfani ya wuce.

Ɗaukaka ƙara ba mu muka shigar ba, da kanta ta tafi. A dokar wancan lokaci, sashe na 66, duk hukuncin da ya ƙunshi korar horo ko ɗaurin shekara guda zuwa sama dole kotun ɗaukaka ƙara ta rundunar ta duba shi, kuma ana ba mutum lauyan soja kyauta. Ta sojan ƙasa tana Fort Belvoir a jihar Bajiniya. Wata kyaftin aka ba mu. Ta kira ni ina layin tasi a filin jirgi, na fita daga layin na ajiye mota gefe, muka yi kusan awa guda.

Ita ce ta ba ni labarin Danny Bearden, wani mutumin jihar Jojiya. An ci shi tarar dala 500 da diyyar 250, ya ranci kuɗi wajen iyayensa ya biya 200, sai aka sallame shi daga aiki. Bai iya karatu ba, ya nemi wani aikin bai samu ba, aka kai shi kurkuku saboda sauran. A 1983 Kotun Ƙolin Amurka, ta bakin Mai shari'a Sandra Day O'Connor, ta ce ba a ɗaure mutum don kawai ba shi da abin biya. Dole alƙali ya binciki dalilin rashin biyan. In ƙi ya yi, ko bai yi ƙoƙarin nema ba, a ɗaure shi. In kasawa ya yi, a fara duba wata hanya: a ƙara masa lokaci, a rage tarar, ko ya yi aikin al'umma. Kafin shi, a 1971, akwai wani Tate a birnin Houston da tarar laifukan tuƙi ta taru masa har dala 425, aka ce ya biya da zaman kaso, dala 5 kowace rana, kwana 85, kotun ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Ta ce ƙa'idar soja da aka karanta min a kan wannan tushe take. Ina sauraronta ina tuna ayar nan ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi. Tun muna allo muka san ta. Abin da ya ƙona min rai shi ne dokar tana gefenmu tun farko, mu ne muka shiga ɗakin nan hannu rabbana.

Ta ce min kotun nan ba kamar sauran kotunan ɗaukaka ƙara ba ce, tana da ikon sake auna hujjoji da kanta, ba kuskuren doka kaɗai take dubawa ba. Amma alƙalan ba za su ga fuskata ba, ba za su ji muryar Inna ba, fayil kawai za su karanta. Ta ce, «Duk abin da ka gaya min yanzu, ina so in gan shi a rubuce, da kwanan wata.»

Wata uku muka yi muna tara takardu tsakanin Bronx da Funtuwa. Yayarmu ta buɗe adakar Inna, a ƙasan zannuwa ta tarar da leda a ɗaure, ciki akwai katin asibiti da rasidai bakwai, na gado, na jini, na ƙarfen da aka sa mata, na magani. Inna ba ta karanta boko, amma ba ta yar da takarda. Rasidi na farko kwana huɗu ne tsakaninsa da ranar da aka cire kuɗin a banki, jimlarsu kuma ta haura naira 600,000, kusan daidai da dala dubu huɗu a canjin lokacin. Da hoton ledar nan ya shigo wayata, na kifa kai a sitiyari na yi kuka. Tana can cikin adaka ranar da nake gaban manjo ina cewa babu rasidi.

Yayar tamu ta je babbar kotu ta yi takardar rantsuwa cewa ita ta karɓi nairar, ita ta biya asibiti. Mai unguwa ya rubuta cewa gonar ta magada ce, ba a raba ba, aka fassara, mai fassarar ma ya yi tasa rantsuwar. Na zauna da wani malami ya fitar da rabon Auta a lissafin gado, ya zama ɗan abin da ko kusa da dubu tara bai kai ba. Bankunan nan uku kuwa, ashe doka ta wajabta musu ba da dalilin ƙin rance a rubuce, sun kuma aiko, ni ne na zuba wasiƙun a shara don takaici. Sai da na koma ɗaya bayan ɗaya na roƙi kwafi. Sunan ɗan kasuwar nan dai har aka gama bai shiga kowace takarda ba.

Lauyoyin gwamnati sun yi suka, suka ce waɗannan takardu a zaman farko ya kamata a kawo su. A wannan kam ba su yi ƙarya ba. Da tun ranar da aka karanta hukunci wani ya zaunar da ni ya ce maganar ƙarshen nan ita ce mai haɗari, ka buɗe fayil yau, ka adana kowace wasiƙa, ka sa a binciko rasidan gida, ka aika kuɗi ta hanyar da ke barin shaida, da ina jin Auta bai kwana ko ɗaya a cikin shidan nan ba. Mu mutane ne masu yarda da baki. Adashinmu ba takarda, aikenmu ba takarda, gonakinmu ba takarda, kuma a tsakaninmu hakan yana tafiya lafiya lau. A gaban wanda bai san mu ba, wannan amanar tamu kama take da ɓoye dukiya.

Muna jira har ya gama zaman. An rage masa sama da wata biyu na kyakkyawan hali, ya fito a ƙarshen Afrilu na 2013. Fitowar ma ba ta zama hutu ba. Muddin ƙara tana gaban kotu, sunansa soja ne da ke hutun dole ba albashi, ba a ba shi takardar sallama ba, kuma duk inda ya je neman aiki ita ake fara tambaya. A falona ya yi wata tara yana kwana, yana ɗaukar kaya a wata ma'ajiya da dare. Ya zama marar magana. In an rufe ƙofa da ƙarfi sai ya miƙe tsaye.

Hukunci ya fito a watan Fabrairu na 2014. Alƙalai uku ne, ba a kira kowa ya yi bayani da baki ba, shafi tara suka rubuta. Sun tabbatar da laifin, da wata goman, da sauke muƙami, da korar. A kan shidan kuwa suka ce an yi kuskure. Kuɗin da aka cire an cire su ne tun babu tara a kansa, kuma shaida ta nuna inda suka tafi. Rabon gado da ba a raba ba, a wata ƙasa, ba abu ne da fursuna zai mayar kuɗi cikin kwana 30 ba. Mutumin da ya sayar da motarsa, ya biya kashi 40 cikin 100, ya nemi rance, ya kawo tayin biya kaɗan-kaɗan, ya yi ƙoƙarin da doka take nema. Tunda haka ne wajibi ne a duba wata hanya kafin ɗauri, kuma babu inda fayil ya nuna an duba. Suka soke umarnin ƙarin ɗaurin. Da yake ya riga ya zauna, ba abin da za a mayar masa, sai suka tsayar da tarar a kan dubu shidan da muka biya, suka shafe dubu taran.

Kyaftin ta ce muna da kwana 60 in muna so mu kai maganar korar gaba, zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta rundunonin soja da ke Washinton, mai alƙalai biyar farar hula da ake naɗawa na shekara 15, sai dai su suke zaɓar ƙarar da za su saurara. Na bar wa Auta zaɓi. Ya ce, «Yaya, korar na ci ta. A bar ta haka.»

A kujerar gaba ta tasi ya karanta shafukan nan tara, muna ajiye a bakin masallaci kafin la'asar. Ya karanta ya koma farko. Bashin gwamnati na dubu ashirin da huɗu yana nan, shi ya ci gaba da biya duk wata har ya gama. Ya biya ni kuɗin adashi ko da na ce ya bari. Ya nemi ya mayar wa masallaci nasu, liman ya ce abin da aka sa a kwali ba ya komawa.

Daga cikin motar muka kira Inna. Na fassara mata abin da alƙalai suka ce, a hankali, har wurin da suka ambaci rasidanta. Ta sa aka maimaita mata wannan wurin. Sannan ta ce a ba ta Auta, ta tambaye shi ko yana cin abinci, ta ce masa an fara kai taki gona, bana masara za a shuka.